Baƙar Hanya: Zangunan da Suka Fi Wuya a Hanyar Gishirin Balma

Wani yaro ɗan aji shida ne ya jawo wannan rubutu. Ranar wata Litinin, lokacin shan iska, ya zo mini da wayar wansa yana nuna mini Turawa suna gangarowa daga kan dutse a kan dusar ƙanƙara, kowa da dogayen katakai biyu ɗaure a ƙafa. Ya ce, "Malam, mene ne amfanin allunan nan masu launi da aka kakkafa a bakin hanya?"

Na gaya masa ɗan abin da na sani. A wuraren wasan zamiya na Faransa, kowace hanyar gangara tana da launinta. Kore ta 'yan koyo ce, shuɗi ta wanda ya ɗan goge, ja ta gwanaye, baƙa kuwa sai wanda ya ƙware ƙwarai. A garin Kitzbühel na ƙasar Ostiriya akwai wata da ake kira Streif, inda ake gasa kowace shekara. A wani sashe nata, in ka yi gaba mita 100 ka yi ƙasa mita 85. Yaron ya yi shiru, sannan ya ce, "To Malam, mu ina tamu baƙar hanyar take?"

Dariya na yi, na ce masa mu nan Dakoro ko tudun kirki ba mu da shi, balle ƙanƙara. Dutsen da ya fi kowanne tsawo a Nijar ma, can saman Bagzan a ƙasar Abzin, mita 2,022 ne. Amma da na koma gida tambayar ta ƙi barina. Muna da baƙar hanya, kuma kakanninmu sun san ta zango-zango. Sai dai su ba don wasa suke binta ba, kuma ba da tsayin dutse suke auna wuyarta ba.

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar dabbobi a ƙasar nan ya san kantu, wannan dunƙulen gishiri mai kama da turmin da aka kife, wanda makiyaya ke saya wa bisashensu. Gishirin Balma ke nan. Ana haƙo shi a ramukan Kalala, kusa da garin Bilma, a cuɗa shi, a zuba cikin kututturen dabino da aka fafe, ya bushe a rana. Guda yakan kai kilo 20 ko fiye. Akwai wani dattijo Buzu da na daɗe ina gaisawa da shi a kasuwa, wanda ya yi tafiyar Balma tun yana saurayi. Na taɓa tambayarsa, "Baba, daga Agadas zuwa Bilma kilomita nawa ne?" Ya dube ni kamar na tambaye shi nauyin iska. Ya ce, "Malam, ku 'yan boko ku ke ƙidaya wannan. Mu rijiya muke ƙidayawa, da kwanakin da ke tsakanin wannan rijiya da waccan." Wannan amsa ita ce ma'aunin da zan yi amfani da shi a nan.

Alaƙar ƙasar Hausa da Abzin tsohuwa ce. Gobirawa da kansu suna cewa daga can suka gangaro, kuma Birnin Lalle da ke nan kusa da mu yana cikin wuraren da suka yi sarauta kafin su ƙara yin kudu. Cinikin gishirin ma a kan buƙatar juna ya tsaya. Mutanen Bilma da Faci, Barebari da Tubawa, suna da gishiri da dabino, amma ruwan sama ba ya isa su noma gero. Mu muna da gero, dabbobinmu kuma suna buƙatar gishiri. Abzinawa suna tsakiya da raƙuma. Sai tafiyar ta zama mai kusurwa uku: a ɗauki gero daga ƙasar Hausa zuwa Abzin, daga Abzin a ƙetare Tenere zuwa Bilma, a dawo da gishiri da dabino, a gangara kudu a yi rani ana sayarwa. Da Tamashek ana kiran wannan ayari taghlamt, littattafan Faransawa kuma suna ce masa azalai. Shugaban tafiyar kuwa, har a bakin Abzinawa, sunansa madugu. Kalmarmu ce suka ara.

Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, ya ga abin da idonsa. A watan Disamba na 1850 ya taso daga Abzin tare da ayarin gishirin Kel Ewey, ya ratsa Damargu, ya biyo ta Tasawa da Gazawa, nan cikin jiharmu ta Maraɗi, ya wuce Katsina, ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851. Bayan shekara hamsin da wani abu, a 1906, shekarar da sojan Faransa suka kafa sansani a Bilma, an rubuta cewa ayarin ya kai raƙuma 20,000. Mai karatu ya yi tunanin ƙurar wannan taro, da ruwan da zai sha.

To bari mu bi hanyar daga kudu, mu sa mata launi kamar yadda Turawa ke yi.

Sashe na farko shi ne daga garuruwan Hausa zuwa bakin gonaki na ƙarshe, wato Damargu ga masu bi ta gabas, kwarin Tarka kuma ga masu bi ta wajenmu, irin Kel Geres na ƙasar Madawa. Wannan ita ce koriyar hanya. Kowace rana akwai ƙauye da rijiya da kasuwa. Wahalarta ta mutane ce: fito da ake biyan sarakuna, gaisuwar masu gari, da rigimar raƙumi ya shiga gona. Manoma da yawa ma murna suke da saukar ayari bayan girbi, domin raƙuma su ci karmami su bar taki. Har gobe ana wannan yarjejeniya a ƙauyukanmu. Garin Dakoro shi kansa ƙarami ne a wannan tarihi, don sai a 1947 Faransawa suka kafa shi a matsayin wurin mulki. Hanyar ta girme shi nesa ba kusa ba.

Sashe na biyu ja ne. Daga inda gona ta ƙare sai dajin kiwo, ƙasar Tadaras, har zuwa gangaren dutsen Tigidit da ke kudu da Agadas. A nan akwai ciyawa, akwai rijiyoyi, amma suna nesa da juna kuma suna da zurfi. Duk ɗan arewacin Dakoro ya san rijiyar da sai an ɗaura igiya ga raƙumi ko sa, yaro ya kora shi ya yi nisa kafin wasaki ya fito. Shayar da raƙumi ɗari a irin wannan rijiya aikin wuni ne, balle dubu. Kuma tun da kowa ya san dole ayari ya tsaya a nan, nan ne mahara ke kwanton ɓauna. A wannan sashe takobi da yawan jama'a su ne kariya, shi ya sa ƙananan ayarori ke jiran juna su haɗu kafin su shiga.

Sashe na uku shi ne baƙar hanya: Tenere. Daga Agadas zuwa Bilma kimanin kilomita 560 ne in an miƙe. Kashin farko yana bin gindin duwatsun Abzin, da sauran itatuwa da ruwa. Daga nan sai a fita fili. Kusan kilomita 240 daga Agadas akwai wurin da ake kira Icen Tenere, inda a da kandili guda ɗaya tak ke tsaye, babu wata bishiya ko'ina a kewayensa iyakar tafiyar kwanaki. Da aka haƙa rijiya a gefensa tsakanin 1938 da 1939, an tarar saiwarsa ta bi ruwa ƙasa fiye da mita 30. Daga wannan ice zuwa Faci kimanin kilomita 165 ne, daga Faci zuwa Bilma kuma kimanin 160. Kowane ɗaya tafiyar kwana huɗu ce ko kusa da haka ga raƙumi mai kaya, babu inuwa, babu ciyawa. Tsakanin Faci da Bilma ga dogayen tuddan rairayi jere da juna. Wanda ya shiga kwarin da ba shi ba, zai yi ta tafiya yana ganin daidai yake, har ya wuce garin ta gefe bai hango dabinonsa ba. Masu tasowa daga Timiya da Bagzan suna da tasu hanyar ta arewa, ta dutsen Adrar Madet da rijiyar Ashegur, ita ma haka take: ƙaramin baki ne a cikin yashi, in ka kuskure shi da tafiyar sa'a guda ka kuskure shi ke nan.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda suka maida wannan wuri abin ƙetarewa kowace shekara. Na farko, lokaci. Babban ayari ba ya tashi sai wajen Oktoba zuwa Nuwamba, bayan raƙuma sun ƙoshi da ciyawar damina, zafi kuma ya fara sauka. Na biyu, guzurin dabba kafin na mutum. Makonni ake yi ana yankan ciyawa ana ɗaure ta dami-dami, kowane raƙumi ya ɗauki abincinsa. A hanyar zuwa ana ajiye wasu dammunan a cikin yashi, don a tarar da su a hanyar dawowa, lokacin da bayan raƙumi ya cika da kantu huɗu zuwa shida. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, su kuwa rayuwarsu gaba ɗaya a kan wannan magana take. Na uku, in aka ɗaura kaya da safe ba a tsayawa sai dare ya yi nisa. Sa'a goma sha biyar ko fiye ana tafiya, raƙuma a jere, akalar wannan ɗaure da na gabansa. A tafe ake cin abinci, wani irin fura na gero da dabino da cuku da ake damawa da ruwan salka. A tafe ake dafa shayi, yaro yana riƙe da ɗan murhun garwashi yana bin layi yana miƙa kofi. Dalilin a bayyane yake: in raƙumi mai kaya ya durƙusa, sauke shi da sake ɗaura masa ɓata lokaci ne, kowace sa'a da aka ɓata kuwa daga cikin salka ake biyanta.

Na huɗu kuma shi ne madugu. Da rana yana duba inuwa da yadda iska ta zana yashi. Da dare yana duba taurarin da ke fitowa daga gabas a wannan lokaci na shekara, Kaza da 'Ya'yanta, da kuma waɗanda Abzinawa ke kira Amanar, wato jagora. Dattijon nan na kasuwa ya ce mini a cikin Tenere ba a gardama da madugu ko da ƙanenka ne. In akwai magana, a bari sai an sha ruwan Faci.

Kada mu yi wa tarihin nan kwalliya fiye da kima. Hanyar da ta wuce Bilma ta yi arewa zuwa Fezzan ba gishiri kawai ta ɗauka ba, ta ɗauki bayi, cikinsu har da 'ya'yan ƙasar Hausa. Turawan Ingila Denham da Clapperton da Oudney, da suka gangaro ta can tsakanin 1822 da 1823 za su Barno, sun ba da labarin ƙasusuwan mutane birjik a bakin rijiyoyi. Madugun da ke lissafin ruwan raƙuminsa bai cika sa bawa cikin lissafi ba. Tun wancan zamani, wanda Tenere ke fara ci shi ne wanda aka ɗauko kamar kaya, bai san hanya ba, ba shi kuma da ta cewa.

Abubuwa da yawa sun raunana ayarin. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kashe cinikin da ke ƙetare sahara zuwa Tarabulus, ko da yake na gishiri ya tsira. Daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917 Kawsan da mutanensa suka yi wa sansanin Faransawa na Agadas ƙawanya. Ramuwar da ta biyo baya ta watsa Abzin, an kashe mutane, an kwashe raƙuma, da yawa suka gudo ƙasar Hausa. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 suka zo suka ƙarasa garkuna. Sannan ga manyan motoci, waɗanda ke ɗaukar kayan raƙuma da dama a tafiya guda. A 1973 ne ma wata babbar mota ta banke Icen Tenere, bishiya ɗaya tilo a cikin wannan fili duka. An kai kututturensa gidan tarihi na Yamai, aka kafa na ƙarfe a madadinsa. Daga baya masu tseren motocin Paris-Dakar suka maida Tenere filin wasansu. Wanda ya ƙirƙiro tseren, Thierry Sabine, shi kansa ya taɓa ɓata a sahara a kan babur a 1977, da ƙyar aka ceto shi. Su ma sun gane baƙar hanya ce, sai dai su suna da jirgin sama yana bin su a baya.

Ayarin raƙuma bai mutu ba, har yanzu ana yi, amma ya ragu ƙwarai. Wanda ya ƙaru shi ne ayarin mutane. 'Ya'yanmu ne ke cika bayan Hilux a Agadas za su Libiya, ko a Arlit za su Aljeriya. Mota tana cinye tafiyar kwana huɗu a wuni guda, wannan saurin kuma shi ne ya sa aka daina ƙidaya rijiya. Ana ɗaukar ruwan da zai isa in komai ya tafi daidai. In inji ya tsaya, sai nisan ya koma yadda yake tun zamanin kakanni, ga shi babu raƙumi, babu wanda ya san taurari.

A watan Oktoba na 2013 motoci biyu suka lalace arewa da Arlit, a hanyar Tamanrasat. An tsinci gawa 92: yara 52, mata 33, maza 7. Yawancinsu Hausawa ne daga ƙasar Kance, cikin jihar Damagaram. Ƙasa ta yi makokin kwana uku. A tsakiyar 2017 wasu 44, akasari 'yan Gana da Najeriya, suka mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku, wato a kan wannan baƙar hanya da nake magana. A tsakanin waɗannan shekaru biyu an yi doka mai lamba 2015-36, wadda ta haramta safarar baƙin haure. An ce don a ceci rayuka aka yi ta. Amma da jami'an tsaro suka riƙa jira a rijiyoyin da aka sani, sai direbobi suka koma kauce wa rijiyoyin, suna bin inda ba kowa. Duk wani madugu na da zai gaya maka ƙarshen tafiyar da ke gudun rijiya. An soke dokar a watan Nuwamba na 2023. Masu goyon bayan sokewar da masu adawa kowa da hujjarsa, ni dai abin da na sani shi ne nisan da ke tsakanin Icen Tenere da Ashegur bai ragu da taku ɗaya ba.

Bara wani tsohon ɗalibina ya zo gida ya yi mini sallama, zai tafi Libiya. Yaro ne mai hankali, gonar gidansu ba ta ciyar da su wata biyar, kuma ba ni da aikin da zan ba shi in ce ya zauna. Na tambaye shi abin da ya sani game da hanyar. Ya san kuɗin mota har da na shingaye, ya san ranar da ake tashi daga Agadas. Na ce, "Ina ne za ku fara samun ruwa bayan kun fita? In mota ta tsaya, kwana nawa jarkarka za ta kai ka?" Ya ce, "Malam, ai direba ya sani." Na ɗauko takarda na rubuta masa sunayen wuraren a jere, Ashegur, Dirku, Segedin, Madama, Tummo. Na ce ya ƙara jarka guda ko da zai rage kaya, kuma in mota ta lalace kada ya rabu da ita ya bi kawalwalniya. Muka yi addu'a ya tafi. Bayan kwana goma sha ɗaya ya kira daga Sabha. Na gode wa Allah, amma ban yaudari kaina ba: motarsu ce ba ta lalace ba.

Turawan da ɗalibina ya nuna mini a waya suna da abu ɗaya da ya kamata mu yi tunani a kansa. Kafin mutum ya gangara, an kafa masa allo a sama yana gaya masa irin hanyar da zai shiga, in ya so ya fasa. Mu allonmu mutum ne, shi ne madugu, kuma irinsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an rubuta abin da ke kansu ba. Littafin tarihin da muke koyarwa da shi yana ambaton cinikin sahara a 'yan layuka, gishiri ya yi kudu, gero ya yi arewa, shi ke nan. Alhali a kowane aji na ƙasar nan akwai yaran da nan da shekara bakwai ko takwas za su hau bayan Hilux. Ba na cewa darasi zai hana su tafiya, yunwa ta fi darasi ƙarfi. Amma wanda ya san sunan rijiya da kwanakin da ke tsakani ya fi wanda aka ɗauka kamar buhu.

Ranar Juma'ar wannan mako na sayo kantu guda na kai aji, na ɗora a kan tebur, kowa ya lasa ya yamutsa fuska. Sannan na zana hanyar a allo da alli mai launi, kore daga Maraɗi zuwa Tarka, ja daga Tarka zuwa Agadas. Da na zo Tenere sai na tuna baƙin alli ba ya fita a baƙin allo. Na ɗiga farin alli wuri uku, Ice, Faci, Bilma, na bar tsakaninsu babu komai. Yaron da ya yi tambayar ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to nan wurin me za mu rubuta a littafi?" Na ce su rubuta: kwana huɗu, ba ruwa.